Yaya Zan Yi da Kalmar “Get” Mai Ma'anoni Barkatai?

Tambaya: Malam, na gama sakandare, ina iya karanta jarida da Turanci daidai gwargwado, amma kalmar “get” ta hana ni sakat. Yau in ji ta da ma'anar samu, gobe fahimta, jibi isa wani wuri. Na buɗe ƙamus na tarar da ita ta cinye shafuka. Haddace ma'anonin zan yi ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wata hanya?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye ƙamus ɗin tukuna. Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma na ga ɗalibai masu ƙwazo da yawa sun bi hanyar haddar nan. Sukan cika littafi da jeri, bayan mako biyu a yi musu magana ɗaya mai “get” a ciki su yi turus. Haddar a nan zuba ruwa a rariya ce. Tambayarka kuwa ta cancanci a zauna a kanta sosai, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kalma ce mai haruffa uku kacal, amma a ƙididdigar da masu ƙamus na Oxford suka yi kan tarin rubuce-rubucen Turanci, ita ce ta biyar cikin aikatau da aka fi amfani da su, bayan “be”, “have”, “do” da “say”. A hirar baki kuwa abin ya fi haka yawa. Ba za ka iya kauce mata ba.

Kafin mu shiga gidan Bature, leƙa namu. Dubi yadda muke yi da “ci”. Mun ci tuwo, ya ci jarrabawa, kasuwa tana ci, ya ci bashi, ta ci amana, an ci shi tara, ya ci sarauta, wuta ta ci rumbu, ginin ya ci kuɗi, an ci masa mutunci, mu ci gaba, da ɗan gari akan ci gari. Wa ya taɓa zaunar da kai ya haddatar da kai waɗannan? Babu. Da ka ji “ci”, kunnenka yana jiran kalmar da za ta biyo baya, ita ce take yanke hukunci. Haka “sha” yake: ruwa, wahala, iska, kashi, alwashi. To abin da Bature yake yi da “get” ke nan. Ita kanta kalmar nauyinta kaɗan ne, abin da ya biyo bayanta shi ke ɗauke da kayan.

Sai dai akwai zare guda da ya ratsa kusan dukkan ma'anoninta, kuma in ka kama shi ka huta. “Get” kalmar sauyi ce. Tana nuna daidai gaɓar da aka fita daga wani hali aka shiga wani. “Have” da “be” suna faɗin halin da ake ciki, “get” tana faɗin yadda aka shiga halin. Hausa ta riga ta koya maka wannan bambanci tun kana goye. “Ina da kuɗi” daban, “na samu kuɗi” daban. “Yana Kano” daban, “ya isa Kano” daban. “A gajiye nake” daban, “na gaji” daban. Na farkon kowanne zaman hali ne, na biyun shiga halin ne. Turanci zai ce “I have money” da “I got money”, “he is in Kano” da “he got to Kano”, “I am tired” da “I got tired”. Wurin da mu muka canza aikatau har sau uku, samu da isa da gaji, su kalma ɗaya suka ɗora wa aikin duka.

Yanzu mu bi abin da ke biyo bayanta. Idan suna ne, to wani abu ne ya shigo hannu. “I got a letter”, na samu wasiƙa. “She got a job”, ta samu aiki. Yadda abin ya shigo hannun bai dame ta ba, ko kyauta ce, ko saye, ko gumi. Shi ya sa “where did you get this cap?” yana iya zama a ina ka sayi hular nan, “how much do you get a month?” kuma nawa kake ɗauka a wata. In aka ce maka “get me a chair”, ɗauko ake nufi, wato ka je ka zo da ita. Mu wasalin “o” ɗin nan na ƙarshen ɗauko, sayo, nemo shi yake yi mana wannan aiki, su kuma “get” ce take yi musu. Waya na ringin wani ya ce “I'll get it”, zai ɗauka ne. An ci abinci an kawo lissafi ya ce “I'll get this”, shi zai biya.

Akwai wuri ɗaya a nan da harsunan biyu suka juya wa juna baya, kuma ina so ka lura da shi. Mu cuta ce take kama mutum: mura ta kama ni, zazzaɓi ya kama yaro. Bature kuwa shi ne yake samun cutar: “I got a cold”, “the child got malaria”. Ɗalibi Bahaushe yakan so ya sa cutar a gaban jimla kamar yadda ya saba, sai maganar ta fito a karkace. Ka sa mutumin a gaba.

Fahimta ma daga nan ta fito. “I don't get it”, ban gane ba. “Do you get me?”, ka gane nufina? Magana ce ta shigo kai kamar yadda kaya ke shigowa hannu. Mu ma muna cewa yaro yana da saurin ɗaukar karatu, ko na ɗau haske. Masana asalin kalmomi suna mayar da “get” ga wani tsohon tushe mai ma'anar damƙa, tushen da ya haifi “prehendere” a Latin. Daga wannan Latin ɗin ne Faransanci ya samu “prendre”, ɗauka, da “comprendre”, fahimta. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi makarantar Faransanci kullum suna furta dangin “get” na nesa.

Idan sifa ce ta biyo baya, to zama ake nufi, kuma a nan ne na fi ganin masu Hausa suna wahala, saboda harshenmu bai buƙaci wannan gada ba. Mu muna da aikatau tsayayye ga kusan kowane hali: ya tsufa, ya warke, ya fusata, ya jiƙe, ya ɓace. Inda babu, “yi” ta cike gurbi: ya yi arziki, shayi ya yi sanyi, duhu ya yi. Turanci sifa yake da ita, sifar kuma ba ta motsi da kanta sai an ba ta abin hawa. “He got old”, “he got well”, “he got angry”, “he got wet”, “he got rich”, “the tea got cold”. In sauyin yana kan tafiya, sai a ce “it's getting dark”, duhu ya fara yi, “she's getting better”, tana samun sauƙi. Ɗalibin da bai san wannan ba shi ne yake cewa “I tired” ko “he angry”, domin a ransa “gaji” da “fusata” aikatau ne, yana zaton “tired” da “angry” ma haka suke. Ka riƙe “get ready”, shirya, da “get dressed”, sa kaya, da “get married”, yi aure. A wannan na ƙarshe “to” ake sa wa, “she got married to a teacher”, ba “with” ba, ko da yake “da” ɗinmu yana jan harshe zuwa can. “I got lost” na yi ɓatan kai ne, amma in aka daka maka tsawa da “get lost!”, ɓace min da gani ake ce maka, daidai da yadda mu ma muke korar mutum.

Idan wuri ne ya biyo baya, isa ce. “What time did you get to Zaria?” Ana sa “to” kafin sunan wuri, amma ba a sa shi kafin “home”, “here” da “there”. “I got home late”, ba “to home” ba.

Daga wannan ma'anar motsi ne tarin haɗe-haɗen nan da ƙananan kalmomi suka tsiro, waɗanda na tabbata su ne suka fi cika maka shafukan ƙamus. “Get up”, tashi. “Get in”, shiga. “Get out”, fita, kuma ka kiyayi faɗa wa babba wannan, kora ce tsirararta. Abin hawa yana da ka'idarsa: wanda ake hawa bisa kansa ko ake iya miƙewa tsaye a cikinsa, kamar babur, doki, bas, jirgin ƙasa da jirgin sama, “get on” da “get off” ake ce masa. Wanda ake sunkuyawa a shiga a zauna, kamar ƙaramar mota ko tasi, “get in” da “get out of”. Sauran duk motsin nan ne aka ara aka yafa wa al'amuran rayuwa. “Get over” asalinsa tsallake katanga, sai ya zama farfaɗowa daga ciwo ko dangana bayan rashi. “Get by” ratsawa ta gefe ne da kyar, sai ya zama abin da muke cewa ana lallaɓawa. “Get through” ratsa tsakiya ne, shi ya sa wanda layi ya ƙi shiga masa zai ce “I couldn't get through”. “Get along with” tafiya tare, wato shiri da jituwa. “He got away with it”, ya yi laifi ya tsere da abinsa, ya ci bulus. “I'll get back to you”, zan waiwaye ka. “What are you getting at?”, ina ka dosa da zancen nan? Ka ga mu ma da tafiya muke auna magana. In ka haɗu da sabo, fara hango motsin a zahiri, sannan ka tambayi kanka me aka kwatanta da shi. Sau da yawa za ka cinka daidai. Wasu kaɗan, irin “get rid of”, rabuwa da abu ko kawar da shi, sai dai a riƙe su a dunƙule.

Akwai aikin da “get” take yi wanda Hausa ke yi da “an”. An kama shi, an biya mu, an kore ta: “he got arrested”, “we got paid”, “she got sacked”. Ana iya cewa “was arrested”, amma “got” ta fi jin abin da ya faɗo wa mutum, alheri ko akasinsa, kuma ta fi zama a hira. Ba ta shiga inda babu aukuwa. Ba a cewa “he got loved by his people”, domin ƙauna zaman hali ce, ba abin da ya auku ranar Talata ba.

Wanda nake so ka fi ba wa lokaci shi ne sa wani ya yi abu. “I got him to sign”, na sa shi ya sa hannu, kuma akwai ƙanshin lallashi a ciki, kamar na shawo kansa. Da tilas ne, “I made him sign” za a ce. Ɗan'uwan wannan gini shi ne “I got my phone repaired”, na kai an gyara min waya. Dalilin da ya sa na dage a nan: Bahaushe yana cewa na yi aski, na ɗinka riga ta Sallah, na gina gida, kowa kuma ya san wanzami da tela da magini ne suka yi aikin. In ka kwashe wannan yadda yake ka ce wa Bature “I cut my hair” ko “I sewed a gown”, zai iya ɗauka kai ka riƙe askar, kai ka hau keken ɗinkin. Abin da yake faɗa shi ne “I got my hair cut”, “I got a gown made”. A Turancin Najeriya “I sewed a new dress” ya zama ruwan dare, kowa zai gane ka a Kano ko Legas, amma ya kamata ka san ɗayan don ranar da za ka buƙace shi.

Sai “have got”, wadda ke ruɗa mutane saboda kamanninta na abin da ya wuce alhali maganar yanzu take yi. “I've got two brothers” ina da 'yan'uwa maza biyu ne, babu batun samu a ciki. Mutanen Ingila sun fi son “have you got a pen?”, Amurkawa sun fi son “do you have a pen?”, ma'ana ɗaya. In aka ƙara “to” sai ta koma dole: “I've got to go”, dole in tafi, wanda a bakin masu sauri yake zama “gotta” da kake ji a finafinai. Ka bambanta shi da “I got to meet the Emir”, na samu damar ganawa da Sarki. Ɗan guntun “'ve” ɗin nan ne kawai tsakanin dole da dama.

A nan ne kuma Burokan yake shigo mana da ruɗani, kuma ba ina aibata shi ba ne, harshe ne mai ka'idarsa. A Burokan “get” mallaka ce kai tsaye, “I no get money” ba ni da kuɗi, har ma tana zama “akwai”, kamar a “e get one man”. Wanda kunnensa ya saba da haka a tasha da bariki sai ya rubuta “I get a car” yana nufin ina da mota. A Turancin makaranta wannan jimla ba ta ba da wannan ma'ana. “I have a car” ko “I've got a car” ake cewa.

Za ka kuma ci karo da “gotten” ka yi zaton kuskure ne, ko kuma ka yi zaton ita ce ta masu ilimi. Tsohuwar siga ce da ake amfani da ita a Ingila kanta. Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka, tun daga masu kafa garin Jamestown a 1607, sun tafi da ita, ta zauna a can, a gida kuma ta ja baya har ta kusan ɓacewa sai a daskararrun maganganu irin “ill-gotten gains”, dukiyar haram. Ba'amurke yana cin moriyar sigogin biyu: “I've got a car” ina da mota, “I've gotten a car” na samu mota. Makarantunmu Turancin Ingila suka gada, don haka a jarrabawa “got” ta ishe ka.

Abin sha'awa, kalmar da ta mamaye Turanci haka baƙuwa ce. Mutanen arewacin Turai da ake kira “Vikings”, daga yankunan Denmak da Norwe na yau, sun fara kai hari Ingila a ƙarshen ƙarni na takwas, harin tsibirin Lindisfarne na 793 shi ya fi shahara. A 866 suka ci birnin York, suka zauna a arewa da gabashin ƙasar, aka yi auratayya da cinikayya. Daga “geta” na harshensu “get” ta fito, ta bayyana a rubutun Turanci wajen shekara ta 1200. Tare da ita aka aro “take”, “egg”, “sky”, “window”, har da “they” da “them”. Tsohon Turanci yana da 'yar'uwarta, amma a manne da wasu kalmomi, kuma burbushinta na nan a “forget” da “beget”. Harafin farko na “get” ana furta shi kamar na “gero”, ba kamar na “jiya” ba. Wasalin kuma gajere ne, ka raba shi da “gate”, ƙofar da mu muka ara muka mayar “get” a bakin get da mai gadin get.

Kada yawan shafukan ya tsorata ka, domin ba ita ce ma ta fi yawa ba. A bugu na biyu na babban ƙamus ɗin Oxford, na 1989 mai juzu'i 20, aikatau “set” ce ke kan gaba da ma'anoni 430. Da aka sake bitar “run” a 2011, aka lissafa mata 645. Masu ƙamus aikinsu ne su tsattsage kowane reshe su ba shi lamba. Mai magana ba haka yake riƙe harshe ba.

Saura batun inda ta dace da inda ba ta dace ba. Tabbas ka taɓa jin malamin da ya hana rubuta “get” ko “got” kwata-kwata. Yana da rabin gaskiya. Bayan da Normandawa masu Faransanci suka ci Ingila a 1066, harshen fada da kotu ya cika da kalmomin Faransanci da Latin, irin “receive”, “obtain” da “arrive”, har yau kuma su ne ke da kwarjinin ofis. A takardar neman aiki, ko wasiƙar hukuma a jarrabawar WAEC da NECO, “I received your letter” ta fi “I got your letter” zama, “I obtained my certificate in 2019” ta fi “I got”. Wani amfanin kuma shi ne suna tilasta maka ka faɗi ainihin abin da kake nufi, saye ne ko karɓa ko isa. Amma ban yarda da haramcin gaba ɗaya ba, kuma na ga ɓarnar da yake yi. Yaron da aka tsorata da “get” shi ne yake rubuta “I obtained a headache” ko ya ce wa abokinsa “let us enter into the vehicle”, Turancin da babu mai harshen da zai furta. Akwai ma inda ba ta da madadi mai daɗi ko a rubutun manya: “get married”, “get rid of”, “get used to”.

Wannan ta ƙarshen tana buƙatar kulawa, domin tana fitowa sosai a takardun jarrabawa. “I used to wake up early” da can nakan tashi da wuri, yanzu na daina. “I am used to waking up early” na saba, zaman hali. “I got used to waking up early” na zo na saba, wato da ban saba ba sai sabon ya shige ni. A biyun ƙarshe aikatau da ke biye yana ɗaukar “ing”, a ta farko ba ya ɗauka.

In kana son aikin da za ka fara yau da dare, ɗauki takarda ka rubuta yadda yininka ya kasance da Hausa, jimla goma: na tashi da asuba, na shirya, na hau bas, na isa kasuwa a makare, na sayo wa Inna magani, ruwa ya jiƙa ni, na kai an gyara min takalmi, an biya ni, na gaji, na dawo gida bayan magariba. Sannan ka mayar da kowace da “get”. Goman nan duka suna karɓarta. Gobe ka sake rubuta su kamar rahoto kake kai wa shugaban ma'aikata, ka ga guda nawa za su koma “arrived”, “bought” da “returned”, guda nawa kuma za su ƙi sakin “got”. In ka yi, turo min in duba maka.